Katantanwa a Kwana ta Uku

Shekara ashirin da biyu ana kirana Katantanwa a garinmu, kuma Hoyt Lassiter ne ya ja mini. Sunana Odell Spivey, amma in ka shigo lardinmu a Karolina ta Arewa ka tambayi Odell, sai an tsaya ana sosa kai. Ka ce Katantanwa mai shagon taya kuwa, kowa zai nuna maka hanya.

Ga yadda aka yi. Tseren ƙarshe ne na waccan shekarar a filin Coggins, wata 'yar da'irar kwalta mai kwana huɗu, dukansu hagu, inda muke tseren kewaye duk Asabar. Ina gaba a motata mai lamba 41, saura zagaye biyu in ɗaga kofin shekara. Ina shiga kwana ta uku Hoyt ya kawo hancin motarsa ya dungure ni a bayan tayar baya ta hagu. Ɗan taɓi ne kawai, irin na wanda ya san aikinsa. Motar ta juya da ni sau uku ta daki bango. Na fito da karaya biyu a ƙafa, da kunnen hagu da bai sake jin komai ba har yau. Delbert Coggins, mai filin, shi ne kuma mai riƙe da lasifika, tun motar tana juyi ya kwarara ihu: “Kai jama'a, ga Odell can yana katantanwa!” Mutane suka kwashe da dariya kafin su san na ji ciwo.

A wurinmu dungure mutum ba abin kunya ba ne. Ana yi, ni ma na yi. Sai dai akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba, kuma kowane direba ya san ta. In ka buga, ka ce ka buga, sannan ka zauna da shirin ramuwa. Za ta zo a kwanar da ka yi, ko mako mai zuwa ko baɗi, kuma ba wanda zai tausaya maka. Hoyt ya ƙi bin wannan. Ya riƙe kofina a hannu ya ce wa kowa bai taɓa ni ba, ni ne na shiga kwanar da gudun da ya fi ƙarfina. Motata ta ragargaje, babu inda za a duba shaidar fenti, kwana ta uku kuma ita ce mafi nisa daga 'yan kallo. Aka yarda da shi. Ƙafar ban damu da ita sosai ba. Abin da ya ci mini rai shi ne a ce ni, Odell, ban iya riƙe mota ba.

Ramuwa kuma ta gagare ni, don ƙafar ba ta sake taka kuloci ba. Na zauna a shago ina ɗora wa mutane taya, ina kallon Hoyt yana tara kofuna, yana tara tumbi, har ana ba shi karatun Littafi a coci. Na tsane shi, ba na ɓoyewa. Duk Lahadi ina zama a bayansa da kujera biyu ina kallon ƙeyarsa.

'Yata Twyla tana da shekara shida ranar da abin ya faru. Tun tana ƙarama na ga tana da hannun tuƙi, na ce a raina to, ga wadda za ta rama mini. Sai ta girma ta watsa mini ƙasa a ido, ta shiga 'yan zamiya.

Wanda bai san zamiya ba bai rasa komai ba, haka nake cewa a lokacin. Mota biyu za su shigo kwana, maimakon su riƙe kwalta kamar masu hankali sai su jefa bayan motar gefe da gangan, su bi kwanar a karkace, taya na kuka, hayaƙi ya turnuƙe wuri. Ta baya tana manne da ta gaba, ƙofa kusa da ƙofa. Ba wanda ke neman riga wani kaiwa. Wasu mutum uku ne zaune a rumfa suna ba da maki, sai ka ce gasar yin burodin masara a bikin lardi. Delbert ya fara ba su hayar filin ranar Lahadi da rana, Twyla kuwa duk tsofaffin tayoyin shagona ita ke kwashewa ta ƙone.

“Wannan ba tsere ba ne,” na ce mata wata rana tana loda su a bayan a-kori-kura. “Abin da muke kwana muna addu'a kada ya same mu, shi kuke yi da gayya kuna tafa wa juna.”

“Baba, ku fa kwana ɗaya kuka iya. Hagu, hagu, hagu, hagu. In aka ce ka yi dama sai an kira fasto.”

“Zagaye ɗari cikin mota ashirin, kowa na neman halaka ka, taya na cinyewa a ƙarƙashinka, zafi kamar tanda. Wannan shi ne tuƙi. Ke daƙiƙa talatin kike yi ki fito kina gyara gashi.”

“A daƙiƙa talatin ɗin nan ina kawo ƙofata tazarar tafin hannu da ta mutum, a karkace, ban taɓa shi ba. Ku in kun matso kusa haka sai an kira motar janwe.”

“Taɓawar ai ita ce maganar.”

“A wurinku,” ta ce, ta rufe bayan motar. “Mu in ka taɓa ka faɗi.”

Haka muke yi kusan kullum. Ban taɓa zuwa kallonta ba ko sau ɗaya, kuma ta daina gayyatata.

Abin ya taso ne wata Lahadi bayan coci, a gidan abincin da kowa ke zuwa cin soyayyar kaza. Muna zaune ni da Twyla da kofunan shayi mai ƙanƙara, sai ga Hoyt ya shigo da Delbert, yana sakace. Ya tsaya a kanmu, ya ɗaga murya yadda har masu wanke-wanke za su ji.

“Katantanwa! Ashe abin naku gado ne. Jiya na ga hoton 'yarka tana juyi a fili. Kai tsautsayi ya sa ka yi sau ɗaya, ita ta mai da shi sana'a.”

Wurin ya ɗauki dariya. Na kama sandata zan miƙe, Twyla ta dafa mini hannu.

“Mista Hoyt,” ta ce a hankali, “ina jin labarin iya tuƙinka tun ina yarinya. Ban dai taɓa gani kusa ba.”

“'Yan mata, in kika shigo da'ira da ni, hayaƙinki kaɗai za ki tarar in kin zagayo.”

“To mu gwada mana. Zagaye goma, ni da kai.”

Delbert, wanda ke jin ƙanshin 'yan kallo tun daga nesa, bai bari maganar ta faɗi ƙasa ba. Nan take ya sa rana: Asabar ta rufe kakar tsere, ƙarfe uku, kafin babban tsere. Sarkin kewaye da 'yar zamiya, kowa da motarsa. Hoyt ya ce shi ko da hannu ɗaya ne. Ni kuwa ban iya ƙarasa kazar ba don murna. Shekara ashirin da biyu ina jiran wata mota ta gidanmu ta shiga da'ira ɗaya da mutumin nan.

Makon nan ban yi cinikin kirki ba. Na sa aka shigo da motar Twyla shago, wata 'yar ƙaramar motar Japan ja mai inji kamar na tarakta. Na zaɓo mata taya huɗu sababbi da hannuna. Sannan na buɗe tsohon gwangwanin fenti na zana 41 a ƙofofinta biyu da saman bonet, fari da baƙin baki, daidai yadda tawa take. Da ta shigo ta gani, ta zagaya motar tana kallon lambar.

Na ja ta zuwa bayan wata mota na ɗora tafina a bayan tayar hagu. “Nan. Kina shiga kwana ta uku, lokacin da ya ɗaga ƙafa daga mai. Ba da ƙarfi ba, ɗan dunguri. Sauran aikin bango zai yi.”

“Baba, ni ban taɓa bugun motar kowa ba.”

“To ranar Asabar za ki fara.”

“In na buge shi me ka samu? Zai ce 'yar Katantanwa ma ba ta iya riƙe mota ba. Su kuma su sake yarda.”

“In ce me, in ce na yafe? Ki dubi ƙafar nan! Ke kika riƙa kawo mini fo a asibiti kina kuka, ko kin manta?”

“Ban manta ba,” ta ce. Ta shafa lambar da ɗan yatsa, fentin bai gama bushewa ba. “Gaya mini abu ɗaya. In direban kewaye ya san za a dungure shi ta hagu, me yake yi?”

“Me zai yi? Ya riga bugun. Ya karya sitiyari dama kaɗan ya ba ta wuta, don in bayan ya tafi ya tare shi. Duk wanda ya daɗe a da'ira hannunsa ke yi, ba sai ya yi tunani ba.”

“In bugun bai zo ba fa?”

“Yaya za a yi bai zo ba? In mutum ya zo bugunka ai bugunka zai yi.”

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki makullinta ta fita. Na bi ta da ido raina a ɓace, don na ga alamar yarinyar nan za ta kunyata ni.

Ranar Asabar rana ta buɗe sosai, filin ya cika har kan shinge. 'Yan zamiya sun zo da yawa da huluna a juye, tsofaffin 'yan kewaye kuma sun kama gefensu da kujerun ninkewa da dafaffiyar gyaɗa, kowane ɓangare na harar ɗaya. Ban zauna a cikinsu ba. Na ja ƙafata har cikin tsakiyar da'irar, na tsaya a bakin kwana ta uku, inda ban taka ba tun ranar. Ina so in ji ƙarar bugun da kunnena mai kyau.

Hoyt ya zagayo a hankali ana ɗumama taya, a baƙar motarsa mai lamba 8. Na ga lokacin da ya hango 41 a ƙofar Twyla, don kansa ya juya ya bi ta. Sannan ya gan ni tsaye a kwanar da sanda. Bai ɗaga mini hannu ba.

Aka kaɗa koriyar tuta. Gaskiya ɗaya zan faɗa, mutumin ya iya tuƙi. Ya bi layinsa kamar an ja da zare, bai ɓata ko taku ɗaya na kwalta ba, zagayen farko ya ba ta tazarar mota biyar. 'Yan kewaye suka miƙe suna ihu. Motar Twyla ta fi tasa ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya, amma duk kwanar da ta shiga a karkace sai ta yi asarar abin da ta samu. Abin da na sha gaya mata ke nan, zamiya kyau gare ta, ba sauri ba.

A zagaye na uku ta daina zamiya a sauran kwanonin, ta riƙe kwalta kamar 'yar kewaye, ta kamo shi a miƙaƙƙiyar hanyar baya. Suna shigowa kwana ta uku na ga jan hancin nan ya nufi bayan tayarsa ta hagu, daidai inda na ɗora tafina. Na kasa kunne ina jiran ƙarar bugun. Sai kawai ta jefa bayan motar gefe, hayaƙi ya tashi, ta bi shi a karkace hancinta na shinshinar fentinsa har suka fita. Ba ta taɓa shi ba.

“Buge shi!” na yi ihu. “Twyla, buge shi mana!”

Zagaye na huɗu ta sake. Na biyar ta sake, har ta fi matsowa. Ni da nake taku goma daga wurin ban ga haske tsakanin motocin ba, amma babu ƙara. Na yi ta dukan ƙasa da sanda ina zaginta, ina cewa wannan rawar banza ce, ga mutum a hannunki kin tsaya yi masa kwalliya. Delbert na ta sambatu a lasifika, 'yan zamiya kamar su rushe shinge.

A na shida ne na lura da Hoyt. Layinsa ya fara lalacewa. Mutumin da ya shekara talatin yana shiga kwanar nan a wuri ɗaya, yanzu yana taka birki da wuri, kansa na kai-komo tsakanin hanya da madubi. A sauran kwanoni uku lafiya lau yake. Kwana ta uku kaɗai ke ba shi tsoro, kuma duk filin nan mutum biyu ne suka san dalili, ni da shi. Yana ganin 41 a madubi, a kwanar, a gefen, ya san abin da ƙa'ida ta ce yana zuwa. Abin da bai sani ba shi ne yaushe.

Na bakwai da na takwas ta bar shi ya huta. Ta ja baya tazarar mota uku, har na ɗauka tayoyinta sun gama. Na ce shi ke nan, ta ɓarar da damar, zan koma shago in ƙara shekara ashirin ina Katantanwa.

A na tara ta taho. Tun daga tsakiyar miƙaƙƙiyar hanyar baya na ji injin ya canza murya. Ta shigo da gudun da ko ni na ce ba mai tsayar da ita, kai tsaye zuwa bayan tayarsa, babu alamar za ta kauce. Na ga hannun Hoyt ya karya sitiyari dama, na ji ya ba ta wuta. Ya riga bugun, kamar yadda kowannenmu zai yi. Twyla kuwa ta riga ta jefa motarta gefe, ta zame ta gefensa na ciki cikin hayaƙi. Ba abin da ya tura bayan Hoyt, don haka motarsa ta tafi inda ya nuna mata. Ta yi waje ta gogi bango, ta dawo tana juyi, sau ɗaya, sau biyu, ta tsaya a ciyawa kusa da ni tana tururi.

Ba abin da ya same shi. Ya fito ta taga da ƙyar saboda tumbi, ya cire hular kwano ya yi jifa da ita. Twyla ta zagayo ta tsaya, ta fito ta jingina da ƙofarta. Delbert ya iso a guje da makirfo a hannu, don al'adarsa ce ya kai wa direba baki tun ransa na tafasa, 'yan kallo na son haka.

“Hoyt, me ya faru?”

“Ta buge ni! Kowa ya gani, da gangan ta yi!”

“Mista Hoyt, ban taɓa ka ba,” in ji Twyla. “A duba.”

Delbert ya miƙa wa Hoyt makirfon ya riƙe, ya durƙusa a gaban jar motar. Ya shafa hancinta daga wannan gefe zuwa wancan, ya duba tafinsa. Ya je bayan motar Hoyt ta hagu, gefen da bai taɓa bango ba, ya shafa. Baƙin fenti na ta ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Ya miƙe yana kaɗa kai.

“Hoyt, babu ja a jikinka, babu baƙi a jikinta.”

“Ƙarya ne! Ka dubi lambar da suka zana mata! Ka dubi inda tsohon nan ya zo ya tsaya! Ramuwa suka zo yi, a kwanar da na dungure ubanta, a gefen da na dungure shi, ni yaro ne da ba zan gane ba?”

Ya manta abin da ke hannunsa. Maganar ta fita ta kowace lasifika a filin, ta dawo mana daga bangon nesa. Wurin ya yi tsit, har ina jin tururin motarsa. Hoyt ya dubi makirfon, ya dubi 'yan kallo, bakinsa a buɗe.

Na taka a hankali har gabansa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ina da ƙafa biyu. Na juya masa kunnena na dama.

“Maimaita, Hoyt. Ka san ɗayan ba ya ji tun ranar.”

Bai maimaita ba. Ya tura wa Delbert makirfon a ƙirji ya nufi rumfar gyara a ƙasa, ba wanda ya bi shi, har yaran motarsa. Delbert ya tsaya yana juya abin a hannu. Shi ya raɗa mini sunan, kuma ya san na sani. Ya yi gyaran murya.

“Jama'a,” ya ce, “wanda ke tsaye a nan shi ne Odell Spivey, mai lamba 41.”

Tsofaffin 'yan kewaye ne suka fara miƙewa daga kujerunsu. Ban dube su ba. Na je gaban motar Twyla na durƙusa, duk da ƙafar ba ta so, na shafa hancin da hannuna, don sai na ji da kaina. Sumul yake, da ɗumi. Na ware tafina na auna abin da nake jin ta bari tsakaninta da shi, na ga tafin ya yi yawa, sai na naɗe yatsu biyu.

“Ba a ƙarasa goman ba, Baba,” ta ce. “Ba wanda ya ci.”

“Gobe ƙarfe nawa kuke fara zamiyar?” na ce.

“Ɗaya.”

“Ki biyo ta shago da safe,” na ce, na kama hannunta na miƙe. “Tayoyin bayan nan sun gama.”